Babi na Bakwai: Lemon Citta Mai Gas

Citta ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe. Tana cikin yajin mai jego, tana cikin fura da kunun zaƙi, tana cikin butar mai shayi, kuma da wuya a dafa zoɓo ba a jefa ta tare da kanumfari ba. Da azumi kuwa sai ka ga lemonta ƙulle a leda ko ɗure a gorar roba, an jera cikin ƙanƙara tun kafin la'asar sakaliya. Lamurje ma, da citta da tsamiya ake haɗa shi, ya bi fatake har zangunan Kumasi da Akara ya zauna. Alƙur'ani ya ambace ta da sunan zanjabil a aya ta 17 ta Suratul Insan, cikin abin shan 'yan Aljanna. Wanda bai shiga madafanmu sosai ba shi ne lemon citta mai gas, irin wanda kamfanoni ke sayarwa a kwalba da gwangwani da sunan ginger ale. Da yawa suna ɗauka sai da inji ake yin sa. Ana yin sa a gida da tukunya da mataci, kuma wanda aka yi da cittar Kaciya ya fi na kanti nesa ba kusa ba. Sai dai akwai manyan hanyoyi biyu na sa masa gas, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya shafi addinin yawancin masu karanta wannan littafi.

Hanyoyin nan biyu tun asali a rabe suke. A ƙarni na 18 mutanen Ingila suna jiƙa citta da sukari da ruwa, su bar haɗin ya tsima har ya yi kumfa. Wannan giyar citta ce, kuma da sunan giya suke kiranta, domin tana bugarwa. A 1767 wani malamin coci mai sha'awar kimiyya, Joseph Priestley, da ke zaune kusa da wata masana'antar giya a garin Leeds, ya gano cewa ruwa yana shan iskar da ke tashi daga tukwanen tsimi, ya koma mai tsartsatsi a harshe ba tare da barasa ta shige shi ba. Ya wallafa yadda ake yi a 1772. A 1783 Jacob Schweppe ya mayar da abin sana'a a Jeniba, kuma sunansa ne har yau a jikin kwalaben Schweppes. Da aka samu ruwa mai gas a kasuwa, sai masu haɗa magunguna suka fara zuba masa citta da sukari. Ana danganta lemon citta na farko irin wannan ga Thomas Cantrell na birnin Belfas, a shekarun 1850, mai duhun launi da ƙarfin yaji. A 1904 wani mai haɗa magunguna a Toronto ta Kanada, John McLaughlin, ya fito da mai haske marar yaji sosai, ya sa masa suna Canada Dry. Shi ne ya mamaye duniya, musamman a shekarun da Amurka ta haramta giya, 1920 zuwa 1933, lokacin da masu sha a ɓoye suke sirka mugunyar barasarsu da shi.

Tun daga nan cittar da ke cikin kwalba take ta raguwa. Har ta kai masu saye a Amurka suka kai ƙarar kamfanin Canada Dry a kan rubutun da ke jikin gwangwaninsa na cewa da ainihin citta aka yi shi, alhali a cewarsu abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. An yi sulhu a 2019, kamfanin ya yarda ya sauya rubutun. Yawancin lemon citta na kanti ruwa ne da sukari da gas da ɗan ƙamshi. Wanda ya sha shi don ya kwantar da tashin zuciya, sanyin ne da zaƙin suka lallashe shi, ba citta ba.

Mu kuwa gonar tana bayan gidanmu. Najeriya tana sahun gaba a noman citta a duniya, bayan Indiya, kuma mafi yawanta daga kudancin Jihar Kaduna take fitowa: Kaciya, Kagarko, Jaba, Kwoi da kewayen Kafanchan. An fara noma ta don kasuwa a yankin a wajajen 1927. Iri biyu manoma suka fi sani. Tafin giwa mai kauri ce, cikinta rawaya, tana da ruwa da yawa. Yatsun biri siririya ce mai duhu, ba ta da auki kamar 'yar'uwarta, amma tana da ƙarfi. 'Yan kasuwar waje suna neman cittar Najeriya ne saboda yajinta da yawan man da ke cikinta, a tsaga ta a shanya a ɗura a buhu a kai tashar jirgin ruwa ta Legas, a can ƙetare a tatse ta a sayar wa masu yin lemo da biskit. A daminar 2023 wata cutar ruɓa ta afka wa gonakin yankin, ta cinye mafi yawan amfanin shekarar, manoma da dama suka rasa har irin da za su shuka, farashin citta ya ninka sau da yawa a kasuwanni. Duk uwargidan da ta sayi citta a 2024 ta ji a jikinta. Na kawo wannan ne don a daina yi wa citta kallon banza: aikin wata takwas zuwa tara ne a gona, ga dashe ga rufe kunya da ciyawa ga haƙa ga wanki, kuma mata ne ke yin kaso mai yawa na wahalar. Abin da aka sha wannan wuya a kansa bai kamata a tafasa shi sama-sama a zubar da rabin amfaninsa a bola ba.

Kafin a ɗora tukunya, yana da kyau a san abin da wuta ke yi wa citta. Yajin ɗanyar citta daga wani sinadari yake da masana ke kira jinjarol. Idan aka busar da ita, wani ɓangare na sinadarin nan yana rikiɗa ya zama shogawol, wanda ya kusan ninka na farko zafi. Shi ya sa busasshiyar citta take kama maƙogwaro fiye da ɗanya. Idan kuma aka daɗe ana dafa ta, wani ɓangaren yana komawa zinjaron, mai taushi da ɗan zaƙi-zaƙi. Ƙamshin nan mai kama da na lemon tsami da ke tashi idan an karya ɗanyar citta kuwa daga mai yake, kuma man nan yana bin tururi ya gudu. Saboda haka ɗanya tana da ƙamshi, busasshiya tana da zafi, dafaffiya tana da laushi, kuma babu ɗaya a cikinsu da ta haɗa ukun. Lemo mai kyau yana son a ɗebo daga kowace.

Tushen aikin shi ne maɗin citta, wato ruwan citta da sukari mai ɗan kauri wanda za a riƙa ɗiba ana sirkawa. A samu ɗanyar citta giram 250, mai tauri da santsin baya, wadda in an karya ta za a ji ƙas, ba wadda ta yamutse ko ta yi laushi a ido ba. A wanke ta sosai, domin ƙasa tana maƙalewa a tsakanin yatsunta. A kankare bayan da bakin cokali maimakon wuƙa, don wuƙa tana tafiya da nama, kuma ƙarƙashin fatar nan ne ƙamshi ya fi taruwa. A raba ta biyu. Rabi a yayyanka siri-siri ko a daddaka a turmi, a zuba a tukunya da ruwa lita ɗaya, a ƙara busasshiyar citta yatsa ɗaya da aka ɗan farfasa, da kanumfari uku ko huɗu. Kada a wuce haka, kanumfari yana danne komai. Mai son masoro ya jefa ƙwaya biyu. Idan ya tafasa sai a rage wuta, a rufe tukunyar, a bar shi yana ɗan motsi na minti 20. A zuba sukari giram 300, wato kusan gwangwanin madara biyu, a juya har ya narke, a sauke, a bar shi a rufe ya huce da cittar a ciki.

Ɗayan rabin ba zai ga wuta ba. A goge shi a magogi ko a markaɗa da ruwa kaɗan, a zuba a farin ƙyalle mai tsabta a matse iya ƙarfi. A ajiye ruwan a kofi na minti goma. Za a ga wani farin gari ya kwanta a ƙasa. Sitacin citta ne, shi ke sa lemo ya yi gari-gari a harshe. A tsiyaye na sama a hankali a bar shi. Idan dafaffen ya huce sarai, sai a tace shi, a haɗa da ɗanyen ruwan nan, a ɗura a kwalba ko gorar da aka wanke aka ɗauraye da ruwan zafi. Tukar kuma ba ta mutu ba: a shanya ta ta shiga yaji, ko a sake tafasa ta a yi shayi.

Mai son duhun launi irin na Belfas ya maye gurbin rabin sukarin da mazarƙwaila, sai dai a narkar da ita daban a tace, don takan zo da yashi da ɓawon rake. Zuma ma tana yi, amma sai maɗin ya huce ake zuba ta, kuma ba a ba wa jaririn da bai cika shekara ba. Maɗin nan ba mai kauri ba ne sosai, ga ɗanyen ruwan citta a ciki, don haka a firij ba ya wuce mako guda. Inda wuta ke wasan ɓuya, gara a yi rabin wannan awo a shanye cikin kwana biyu. Idan aka ga ya fara kumfa da kansa, ko murfin ya yi huci da aka buɗe, ya juya, a zubar.

Saura gas. Hanya mafi sauƙi kuma mafi tsabta ita ce ruwan soda na kanti, wanda ba komai a cikinsa sai ruwa da iskar kabon dayoksaid da ɗan gishiri. A lura kada a ɗauko tonik a maimakonsa, kwalabensu sukan yi kama, amma tonik yana da sukari da kwinin mai ɗaci. A zuba maɗi babban cokali uku a kofin gilashi, a matse rabin lemon tsami, a sa ƙanƙara, sannan a karkata kofin a tsiyaya sodar ta gefe. A juya sau ɗaya kawai daga ƙasa. Sirrin duka yana cikin sanyi: ruwan da ya kusa daskarewa yana riƙe gas kusan ninki biyu na ruwan da ke kan digiri 20, balle wanda ya wuni a shago da rana. Soda mai ɗumi kumfa za ta yi ta zube, a bar mutum da lami. Lemon tsami kuwa a kofi ake matsa shi, ba a tukunya ba, don in ya dahu ko ya kwana yakan yi ɗaci. Ganyen na'a-na'a biyu da aka murza a tafin hannu suna ƙara masa armashi.

Kofi ɗaya da aka haɗa haka yana ɗauke da sukari kamar giram 12. Kofi irinsa na lemon kwalba yakan kai giram 25, domin yawancinsu suna da kusan giram 10 a kowane mililita 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da jiki ke samun ƙarfi da shi a wuni, wato kamar giram 50 ga babba. Gorar lemo ɗaya ta rabin lita ta kusan cinye wannan kason. A gida cokali yana hannun uwargida, kuma da yake cittar gaske tana cika baki, ba a bukatar zaƙi mai yawa.

Inda ba a samun ruwan soda, akwai dabarar bekin soda. A haɗa maɗi da ruwan sanyi da lemon tsami babban cokali biyu, sannan a barbaɗa bekin soda rubu'in ƙaramin cokali, a juya a sha nan take yana tsartsatsi. Tsamin lemon ne ke haɗuwa da sodar su saki gas. Gas ɗin ba shi da ƙarfi, ba ya daɗewa, kuma akwai ɗan gishiri-gishiri. Mai hawan jini kada ya mayar da shi abin kullum. Kada kuma a ce kanwa za ta maye gurbinsa. Kanwa ta fi ƙarfi, ba tatacciya ba ce, za ta ɓata ɗanɗano da launi.

Hanya ta ƙarshe ita ce ta yis, kuma ita ce aka fi yaɗawa a littattafan girki na Turai da Amurka. Ana zuba ruwan citta da sukari da lemon tsami a gorar roba mai lita biyu, a sa yis ɗin burodi ɗan mitsitsi, ƙasa da rubu'in ƙaramin cokali, a bar sarari a wuyan gorar, a ɗaure murfi, a ajiye har gorar ta yi tauri in an matsa ta. Wasu ba sa sa yis na leda. Sukan jiƙa gogaggiyar citta da ɓawonta da sukari a kwalba, suna ƙara musu kullum, har ƙwayoyin da ke jikin ɓawon su farka su fara kumfa, sannan su zuba wannan ruwa a matsayin iri. Duka biyun abu ɗaya ne ke faruwa a ciki, kuma masu koyar da su ba kasafai suke faɗinsa ƙarara ba. Yis abu ne mai rai, sukari yake ci, kuma abu biyu yake fitarwa kusan kai ɗaya: daga giram 180 na sukarin gulukos, giram 88 na gas da giram 92 na barasa. Ba shi yiwuwa ya ba da ɗaya ya hana ɗaya. Duk kumfar da aka gani a gorar, akwai barasa kwatankwacin nauyinta a cikin ruwan.

Nawa ce? Masu sana'ar tsimi suna ƙiyasta cewa duk giram 17 na sukari da yis ya cinye a lita ɗaya yana haifar da barasa kusan kashi 1 cikin 100. Kafin gora ta yi taurin lemon kanti, yis ya ci abin da zai ba da rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya. Wannan kaɗan ne, ba ya bugarwa a sha na al'ada. Matsalar ita ce yis ba ya tsayawa don an ƙoshi da gas. In akwai sukari giram 100 a lita, yana da abincin da zai kai ruwan kusan kashi 6, ƙarfin giyar kwalba ke nan. Littattafan da suka ce a bar gora kwana ɗaya zuwa biyu, a ɗakin da bai wuce digiri 20 ba aka rubuta su. A Sakkwato ko Maraɗi ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, aikin kwana biyu yakan ƙare tsakanin safe da dare. Firij yana sa yis barci ne, ba ya kashe shi. Da an ɗauke wuta ruwan ya ɗumama, sai ya tashi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wanda ya kuskura ya yi wannan a kwalbar gilashi kuwa ya ajiye haɗari a ɗaki, domin takan fashe ta watsa gutsattsarin gilashi, kuma yara ne suka fi kusa da irin wuraren da ake ajiye ta.

Musulunci ya san wannan iyaka tun farko. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura kuma a bayar ko a zubar. Jiƙo halal ne matuƙar bai juya ba, kuma iyayenmu mata da ke hana shan kunun zaƙin da ya kwana ya yi tsami da kumfa, wannan ma'aunin suke bi. Hukuncin ɗan abin da ba ya bugarwa magana ce ta malamai, kuma wanda ke son fatawa ya je gare su da alƙaluman da ke sama, don su yi hukunci a kan abin da ke cikin gorar da gaske. Amma akwai bambanci tsakanin jiƙon da ake gaggawar sha kafin ya juya da wanda aka zuba wa yis da gangan ana jiran ya juya. Ra'ayina shi ne a bar hanyar yis. Ba ta ƙara wa lemon komai da ruwan soda bai bayar ba sai warin burodi da laka a gindin gora, kuma tana jefa mai gida cikin shubuha da lissafin awoyi a ƙasar da zafi da wutar lantarki ba sa bin lissafi. Wanda addininsa bai hana shi ba, ya yi a gorar roba kaɗai, ya riƙa matsa ta duk bayan awa biyu, kuma kada ya miƙa wa baƙo ko yaro ba tare da ya faɗi yadda aka yi shi ba. Mai sayarwa a kasuwa ko ƙofar makaranta kuwa, wannan hanya ba tasa ba ce sam.

Game da lafiya, abin da bincike ya fi ƙarfafawa shi ne citta tana rage tashin zuciya, har da na masu sabon ciki, in an sha daidai wa daida. Ba ta warkar da hawan jini ko ciwon sukari, duk da abin da masu tallar magani ke faɗa a lasifika. Da yawanta tana tayar da ƙwannafi, mai gyambon ciki yakan ji ta, musamman in ya buɗe baki da ita a kan yunwa da azumi. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ya tambayi likitansa kafin ya mayar da ita abin sha na kullum.

Citta ta fi araha da ruwa a jiki daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da ake haƙarta. Uwargida mai firiza ta sayi da yawa a lokacin, ta wanke ta goge ta ƙulla a ƙananan ledoji, ko ta daskarar da maɗin kansa a farantin ƙanƙara ta riƙa ɓallo guda biyu-biyu. Wadda ba ta da shi ta binne ɗanyar cittar a yashi mai ɗan danshi a inuwa, za ta yi makonni ba ta yamutse ba. A fara da rabin awon da aka bayar, a ɗanɗana, a ƙara busasshiya in ana son zafi, a ƙara ɗanya in ana son ƙamshi, kuma a rubuta awon da ya yi wa mutanen gida daɗi don kada a sake lalube a karo na gaba.